Na samu gurbin digiri na biyu a Jamus amma babu ɗaki: in tura kuɗin ko in dakata?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kammala digiri na farko a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kumasi a Ghana, na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma Allah ya ba ni gurbin digiri na biyu a wata jami'a da ke gabashin Jamus, za a fara darasi a watan Oktoba. Biza ta fito, kuma an zuba Yuro 11,904 a kullallen asusu (wanda ake sakar wa ɗalibi kuɗin cikinsa kaɗan-kaɗan duk wata) bayan mahaifina ya sayar da fili kawuna ya cika sauran. Abin da ya hana ni barci shi ne wurin kwana. Gidan ɗalibai sun sa ni a jerin masu jira. Wani mutum a intanet ya yi mini tayin ɗaki a kan Yuro 430 a wata, amma yana son kuɗin ajiya na wata biyu kafin in taso. Ina kuma da aboki a Berlin da zai ba ni katifa a ƙasa, sai dai mai gidansa ba zai yarda in yi rajista da adireshin ba. Sannan zan cika shekara 30 a watan Fabrairu, an ce hakan yana shafar inshorar lafiya. Wanne zan ɗauka?

Malamin Tafo:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya albarka. Lokacin da na je Ingila karatu, abin da ya fi wahalar da ni shi ne sanyi da gajartar rana, domin a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Ka sayi rigar sanyi mai nauyi tun daga gwanjon kasuwar Kejetia a Kumasi, kuma ranar da ka sauka ka nemi masallaci kafin komai.

Bogan Nima:
Ƙanena, kada ka tura ko sisi. Ni ne shaida. Shekarar da na zo, haka wani ya turo mini hotunan ɗaki mai kyau, da kwafin fasfo, da takardar yarjejeniya har da sa hannu, ya ce shi yana aiki a wata ƙasa, idan na biya za a aiko mini da makulli. Na tura Yuro 1,200, kuɗin adashen mahaifiyata da take sayar da koko da ƙosai a Maamobi. Na sauka da akwati biyu, na nemi titin na same shi, na nemi lambar gidan na same ta, na danna ƙararrawa sai wata tsohuwa ta leƙo, da ta ga takardar hannuna ta girgiza kai ta ce ni ne na uku a wannan watan. Lambar mutumin ta daina shiga tun ina cikin jirgi. Na kwana biyu a tashar jirgin ƙasa, sannan wani bawan Allah ɗan Turkiyya ya roƙa mini aka bar ni ina kwana a ɗakin karatun yara na masallacinsu, ina naɗe shimfiɗa kafin Asuba.

Asarar kuɗin ba ita ce ta fi ciwo ba. A Jamus doka ta ce ka yi rajistar adireshi cikin kwana 14 da shiga gida, kuma ba za a yi maka ba sai da takardar shaida daga mai gidan. Ba rajista, bankin da na je bai buɗe mini asusu ba. Ba asusu, kuɗina na wata-wata ba su da inda za su faɗa. Ina da dubban Yuro a kulle, ina cin burodi da ruwan famfo. Har yau ban faɗa wa tsohuwar gaskiyar inda kuɗinta suka tafi ba.

Abin da ya sa suke samun mu da sauƙi shi ne mun saba. A Kumasi da Accra mai gida yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta Ghana ta 1963 ta tsaya a wata shida, kuma muna biya muna godiya. Shi ya sa idan aka ce mana wata biyu sai mu ga kamar an yi mana alfarma.

Hajiyar Asawase:
Innalillahi. Allah ya isar wa wannan baiwar Allah. Ɗana, ka faɗa mata, uwa ta fi ka iya ɗaukar irin wannan labari.

Injiniya a Leipzig:
Ban da batun damfara ma, Yuro 430 ya yi tsada a gabas. Ni ɗakina a gidan ɗalibai 265 ne, da wuta da ruwa da intanet.

Ɗan Alabar:
Wace shekara ka kama naka, Injiniya? Ƙanwar matata ta shiga bara, ita ma a gabas, tana biyan 390 a gidan da suke su huɗu suna raba kicin. Ni kuma a Munich 720 nake biya, kuma ana ce mini na yi sa'a. Ga harajin rediyo da talabijin na Yuro 18.36 a kowane gida duk wata, ko kana kallo ko ba ka kallo. Idan ɗakin na gaske ne, 430 ba abin gudu ba ne.

Injiniya a Leipzig:
Wa ya kawo Munich cikin maganar gabas? Wanda ya je can ya san abin da ya ɗauko wa kansa. Kuma da girmamawa, Malam na Tafo, shawarar Ingila ba ta aiki a nan, tsarin ba ɗaya ba ne.

Malamin Tafo:
Yaro, sanyi ba ya tambayar biza. Na yi shekara huɗu a waje kafin a yaye ka, kuma ɗalibai nawa na rubuta wa takardar shaida suka tafi? Wanda bai cika shekara biyu a wuri ba bai kamata ya riƙa raba wa mutane lasisin magana ba.

Mai Gyaran Mota a Suame:
Ni ko filin jirgin Accra ban taɓa wucewa ba, saboda haka ba ni da lasisi. Tambayata ɗaya ce: wa zai gaji kwanon waken da Ɗan Aboabo yake ci kowace safiya? Kuma a gaya masa kada ya ɗauki kilishi, an ƙwace na maƙwabcina a can, har yau idan ya tuna sai ya ce da ya sani da ya cinye shi a cikin jirgi.

'Yar Fadama mai digiri na uku:
Maganar kilishi gaskiya ce, ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje, har wagashi, wato cuku. Amma babu wanda ya taɓa batun shekaru. Inshorar gwamnati a farashin ɗalibai tana ƙarewa ne a ƙarshen zangon karatun da ka cika shekara 30, wato kai za ka same ta zango ɗaya kacal, daga nan kuɗin su tashi sosai. Duk da haka ka shiga tun yanzu, domin wanda ya riga ya shiga yana iya ci gaba da ita, wanda kuma ya zaɓi ta 'yan kasuwa tun farko da wuya ya dawo. Game da ɗaki, doka ba ta yarda kuɗin ajiya su wuce hayar wata uku ba, kuma kana da damar biyansu kashi uku, kashin farko lokacin da hayar ta fara. Wanda ya nace sai ka biya duka kafin ka ga ƙofar, ka san da wa kake magana. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ka tambaye su masauki na wucin gadi.

Bogan Nima:
Duk wannan lissafi na Yuro 992 da kullallen asusu ke saki a wata yana aiki ne idan kai kaɗai kake cin kuɗin. Ranar da ka sa hoto a cikin dusar ƙanƙara, ka zama boga, wato ɗan ƙasar waje da ake ganin yana da kuɗi. Ni ina kwana a masallaci ana turo mini saƙon kuɗin suna.

Ɗan Alabar:
Wannan ita ce maganar. Ɗalibi kwana 140 cikakku aka yarda ya yi aiki a shekara, mafi ƙarancin albashi a 2025 kuma Yuro 12.82 ne a awa. Amma a Zango da sidi, kuɗin Ghana, suke lissafin, ba sa cire haya. Na faɗi jarrabawa biyu a zangon da na yi ta aikin dare a ɗakin ajiyar kaya saboda bikin ƙanwata.

Hajiyar Asawase:
A'a, ku dakata. Wannan yaron da kansa ya ce fili aka sayar, kawu ya cika. Lokacin da ake tara muku kuɗin ba ku ce dangi sun yi yawa ba. Ba mu ce ku aiko da abin da ba ku da shi ba, amma ku daina ɗaukar hoto a jikin motocin mutane, ku faɗa mana gaskiyar halin da kuke ciki.

Malamin Tafo:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai wanda ya faɗi gaskiyar ma cewa ake yi ya koyi rowar Turawa.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai, musamman Yaya ta Fadama, na rubuta wa ofishin yanzu. Mai ɗakin ya sake turo saƙo, ya rage zuwa wata ɗaya, ya ce zuwa Juma'a zai ba wani. Har yanzu babu wanda ya ce komai a kan zama wurin abokina na Berlin.

Ɗan Alabar:
Hajiya, ni ban taɓa tsayawa jikin motar kowa ba. Keke nake hawa, na tura hotonsa gida, kawuna ya ce in aiko masa da irinsa guda biyu.