Kano ko Kaduna: ina mai gidan abinci za ta fi samun kasuwa?

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah Kanawa ku ajiye wasa tukuna, na san da kun ji Zariya za ku ɗauko zancen fate.

Girki ne sana'ata. Ina yi wa masu biki da suna waina da miyar taushe, funkaso, sinasir, dafa-duka, farfesun kayan ciki, sai zoɓo da kunun aya. Maigidana ya yi ritaya daga koyarwa, yara sun tasa, muna so mu zuba ɗan kuɗin sallamarsa mu buɗe gidan abinci na sosai, mai tebur da kujeru. Nan Zariya ɗalibai ne kasuwa, ranar da ABU ta tafi hutu ko yajin aiki sai Samaru ta yi tsit, ki dafa ki rasa mai saye. Shi ya sa muke duban waje.

Ƙanena yana da shago a rufe wajen Zoo Road a Kano, ya ce in zo in shiga ba haya. Yayata kuma tana Unguwar Rimi a Kaduna, can haya za mu kama. Maigida ya kafe a kan Kano, wai jama'a sun fi yawa kuma kayan abinci sun fi sauƙi. Ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da Kaduna, don duk zuwan da nake yi Kano ina ganin ana cinikin gurasa da tsire da fura ba kama hannun yaro, amma ban cika ganin magidanci ya shiga wuri ya zauna ya ce a zuba masa tuwo ba. A Kaduna kuwa da azahar sai ka rasa kujera. Ko idona ne? Waɗanda suka san garuruwan nan biyu ta bakin tukunya, wanne ya fi cin abincin waje, kuma irin nawa girkin ina zai fi karɓuwa?

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce a ajiye wasa, to na ajiye, amma ki sani bashi ne, zan dawo in karɓa.

Idonki bai yi miki ƙarya ba, sai dai abin da kika gani bai cika ba. Bakano ba ya barin shagonsa ya tafi neman abinci, abincin ne ke zuwa ya same shi. Shiga Kantin Kwari ko Singa ko Wambai da misalin ƙarfe ɗaya ki ga yara da kuloli a ka suna ratsa layi. Kowane alhaji yana da mai abincinsa, wata shekara da shekaru ita ke aiko masa, shi da yaran shagonsa duka, a biya ta da yamma ko ƙarshen mako. Waɗannan matan ba su da allo, ba su da kujera ko ɗaya, amma wata a cikinsu ta fi mai gidan abincin gilashi ciniki nesa ba kusa ba.

Na biyu, Kano ba ta yarda da wanda ya ce ya iya komai. Mai gurasa gurasa kawai take yi. Je ki Jakara da asuba ki ga tanderu na ci, daga nan ake ɗibar gurasar da ke zagaya gari. Mai bandashe ya karɓa, ya yayyafa ruwa, ya barbaɗa ƙuli, ya zuba man gyaɗa da albasa da tumatir da yaji, shi ma iyakar aikinsa ke nan. Kilishi a tambayi Agadasawa. Mai ɗan wake daban, mai garau-garau daban, mai alkubus daban, mai taliyar murji daban. In kika zo da takarda mai abinci kala ashirin, Bakano zai duba ya ce wannan ba ta ƙware a ko ɗaya ba. Ki zaɓi wainarki da miyar taushe ki tsaya a kai, in ta yi daɗi daga Kurna za a hawo adaidaita a zo Zoo Road saboda ita.

Batun kaya kuwa maigidanki ya fi ki gaskiya. Hatsi na Dawanau, kayan miya na 'Yan Kaba, fulawa da mai da sukari na Singa, kayan ƙamshi na Kasuwar Rimi. Tumatirin da ke bi ta ƙofar gidanku a Zariya ya nufi Kudu, da yawansa daga Kadawa da Kwanar Gafan aka loda shi. Ga kuma shago kyauta. Me ake jira?

Anti Bilki, Malali

'Yar uwa kar ki bari ya ruɗe ki da jerin sunayen kasuwanni. Duba abin da ya lissafa da kyau: gurasa mai da yaji, ɗan wake mai da yaji, garau-garau mai da yaji, taliya mai da yaji. A ɗauke wa Kanawa man gyaɗa da ƙuli na mako guda a ga yadda za a yi. Ban ce ba daɗi ba, ni ma in na je sai na ci bandashe, amma wannan abin tsaye ne, a ci a goge hannu a wuce.

Kaduna mutum yakan zauna ya ci. A wuri ɗaya za ki ga Bahaushe na cin sakwara da miyar agushi, Bayerabe na cin tuwon shinkafa da miyar kuka, ga soja da amala, ga ma'aikaciyar banki da gasasshiyar tarwaɗa, ba mai kallon wani. Faten acca da mutanen kudancin jihar ke yi, wanda ake zuba wa gauta da yakuwa, ke Bazazzagiya sai kin sara masa. Harshen 'yan Kaduna ya saba da baƙon abu, saboda haka sinasir ɗinki da funkaso za su samu masu so har cikin waɗanda ba Hausawa ba. Amma fa sai kin ƙara da sakwara da miyar ganye irin ta Kudu, in ba ki iya ba ki ɗauki wadda ta iya, don ƙungiyar abokan ofis in suka shigo su biyar, biyu shi za su tambaya. Kayan miya kuma Bakin Dogo na nan, ba sai an je 'Yan Kaba ba.

Abu ɗaya zan gaya miki tsakani da Allah: ki san gefen da za ki zauna. Tun rikicin shekarar 2000 kogi ya raba garin, yawancin Musulmi suna arewa, yawancin Kirista suna kudu. Wuraren kifi na dare da ake yabo a Barnawa da Narayi, da yawansu ana sayar da giya, ba layinki ba ne. Naki shi ne Unguwar Rimi, Malali, Unguwar Sarki, da kewayen Isa Kaita da Ahmadu Bello Way inda ofisoshi suke. Haya a nan ba wasa ba ce.

Baba Tsohon Masaƙa

'Yata, bari tsoho ya sa baki. Yaran nan biyu kowa ya faɗi abin da yake gani, amma ba wanda ya ce me ya kawo haka.

Kano gari ne na gidaje. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Mutumin cikin birni gidan ubansa na nan, na kakansa na nan, in ya tashi daga kasuwa tuwon dare na jiransa, in matarsa ba ta yi ba akwai na uwa ko na gwaggo a lungu na gaba. Cin tuwo a waje ma a da abin kunya ne ga magidanci, sai a ce lafiya gidansa kuwa? Don haka abin da Bakano ke saye a titi shi ne abin da gida ba ya yi: gurasa mai son tanderu, tsire da balangu masu son mahauci, kilishi, fura. Shi ya sa suka ƙware a waɗannan har ba a kama ƙafarsu.

Kaduna kuwa Turawa ne suka kafa ta, suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan a 1917. Wa ya cika ta? Ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, akawuna, daga baya mu 'yan masaƙa. An buɗe Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo, ga kamfanin haɗa Peugeot, ga matatar mai. Duk baƙi ne, yawanci samari da gwauraye, iyali na ƙauye. Wanda ya fito daga aikin dare ƙarfe shida na safe wa zai dafa masa? Sai matan da ke bakin ƙofar masaƙa, Tibi da Ibo da Yarabawa da Nufawa da Bajju da namu Hausawa, kowace da tukunyar garinsu. Ana ci a rubuta a littafi, ƙarshen wata a biya. A nan na fara cin sakwara, wani abokina ɗan Gboko kuma a nan ya koyi shan kunun tsamiya har ya fi ni so. Abin da Bilki ke alfahari da shi daga nan ya samo asali.

Sai dai ki lura, waccan Kadunar ta ragu. Masaƙarmu ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, matan nan da yawa suka kwashe tukwanensu. Yau mai cin abincin rana a Kaduna ɗan albashi ne. Daga ranar da aka biya zuwa tsakiyar wata za ki ga ciniki, daga nan sai a fara ce miki rubuta. Asabar da Lahadi layin ofisoshi babu kowa. Kuɗin ɗan kasuwar Kano kullum yake shigowa, kullum kuma yake ci. Da ni ne da kuɗin sallama a hannu, wanda ba ya dawowa in ya tafi, ba zan raina shagon da ba haya ba.

Direban Kano–Kaduna

Ni dai abin da nake gani a but ɗin mota zan faɗa. In na taso daga Kano: gurasa a leda, kilishi a takarda, alkaki da dubulan na kai wa dangi. In na taso daga Kawo: doya, citta, wani lokaci buhun acca. Ban taɓa ɗaukar fasinjan da ya ce ga dafaffen abin Kaduna zai kai tsaraba ba. Amma ni kaina in ina son in zauna in ci mai nauyi in ƙoshi, sai na iso Kaduna nake ci.

Ɗan Fagge

Baba kun gama magana, Allah ya ƙara girma. Anti Bilki kuwa da alama ba ta taɓa shiga Sabon Gari ba, in sakwara da farfesun kifi take nema akwai layin da za ta ci har ta gaji. Kuma Kwarori sun fi shekara ɗari a Kano, ba yau muka san burodin Larabawa da shawarma ba. Yaran yanzu ma sun fara fita cin abinci da iyalansu a Nasarawa da Bompai, musamman daren Juma'a da lokacin sallah.

Hajiya abin da zan ƙara miki shi ne azumi. A Kano wata guda cur ba a buɗe gidan abinci da rana a unguwannin Musulmi, har Hisba na zagayawa. Ki sa shi cikin lissafi tun yanzu. Amma daga la'asar zuwa sahur mai waina da kunu da farfesu ba ta zama.

Yanzu kuma bashina: in kin zo, fate a bar shi a Kwanar Dangora.

Maman Ilham, Zariya

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida naku har yana cewa ai ya faɗa. Ban sallama ba tukuna, don ni burina wurin zama ne, ba aika kula kasuwa ba, amma batun rubuta ɗin nan ya tsaya mini a rai, na sha shi a hannun ɗalibai.

Malam Ɗan Fagge, daga Zoo Road zuwa Kwari da nisa, waina kuma in ta huce ta tashi daga aiki. Su masu aika abincin a kusa da kasuwar suke dafawa, ko da adaidaita ake kaiwa? Kuma baƙuwa tana samun shiga, ko sai wani alhajin ya gabatar da ita? Fate kuwa da tukunyata zan zo, ranar da na dafa kar in ga ƙeyarka a layi.