Ta yaya zan rage hidimar Kirsimeti ba tare da na ɓata wa mahaifiyata rai ba?

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku, kuma ina neman shawararku. Ni tela ne a Asawase da ke Kumasi, kuma ni ne babba a gidanmu. Tun mahaifinmu yana da rai, al'adarmu ita ce ranar 25 ga Disamba, bayan an taso daga coci, a kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka mana akuya domin kowa ya iya ci, a dafa shinkafa, yara su bi gida-gida da kwanuka, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama da Babbar Sallah. Sannan a tura wa dangi kuɗi ta waya zuwa garin Bawku da ke arewacin Ghana.

Bana ba ni da hali. Mai gidan da muke haya yana neman kuɗin shekara guda a dunƙule, yara za su koma makaranta a Janairu, adashin da na kwasa kuwa ya tafi wajen gyaran keken ɗinki. Na zaga kasuwar Kejetia na taya shinkafa da mai, na dawo ban sayi komai ba.

Da na ce wa Mama mu yanka kaji a maimakon akuya, sai ta yi shiru, can ta ce, "Tun yanzu za a manta da babanku?" A ganina sababbin kayan yara za su iya jira, amma rabon abincin nan shi ne ya riƙe zumuncinmu da unguwa. Bashi kam ba zan ci ba.

Wanne ya kamata in fara ragewa? Kuma ta yaya zan nemi ƙannena da ke aiki a Accra su sa hannu, alhali ba su saba a tambaye su ba?