Na sayi durowa da kujera na hannu, ta ina zan fara gyaransu?

Maman Biyu:

Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Mun koma sabon gida kuma kuɗin da ya rage a hannu bai kai na sababbin kaya ba, shi ne na shiga kayan gwanjo na samo durowa mai gida biyar da wata kujerar zaman mutum ɗaya da madubi mai firam. Durowar nan wallahi ta shiga raina, nauyi gare ta sai da mutum biyu suka ɗaga, amma fentin jikinta duk ya ɓaɓɓare kuma in ka jawo gidan ƙasa wani warin daɗewa ne ke bugo ka, irin na ɗakin da aka rufe shekara da shekaru. Kujerar kuma yadin ya koɗe, soson ya ɗan lotsa ta tsakiya. So nake in yi gyaran da hannuna in ya yiwu. Shin kawai in saya fenti in shafa ko akwai abin da ake fara yi? Kuma warin nan yana fita kuwa?

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki taɓa fenti tukuna. Fara zare gidajen durowar gaba ɗaya ki juya bayanta ki duba, in kin ga layin itace yana tafiya har gefen katakon to katako ne na asali, in kuma gefen kamar dusar da aka matse ne to MDF ne ko cifbod, shi wannan ruwa ne ajalinsa, yana jiƙa zai kumbura kuma ba ya komawa. Tunda kin ce tana da nauyi ina kyautata zato, amma nauyi kaɗai ba shaida ba ne don MDF ma nauyi gare shi.

Sai ki duba ƙananan huji kamar na allura, irin waɗanda ƙwaro mai cin katako ke yi. Ki shimfiɗa farar takarda a ƙasanta ki bari kwana biyu, in kin tarar da gari mai laushi ya zubo to ƙwaron yana ciki da ransa, sai an sa magani kafin ta shiga ɗaki. In babu gari tsohon tabo ne kawai.

Maganar gogewa kuma, samfefa lamba-lamba ce. Ki fara da 80 in tsohon fentin ya yi kauri, ki koma 120, ki ƙarasa da 220, kuma kullum ki bi layin katakon kada ki gitta shi. Amma ga inda nake so ki kula sosai tunda na ga kina da yara: tsohon fenti yakan zo da dalma a ciki, a Amurka ma sai 1978 aka hana fentin gida mai dalma, kuma ƙurarsa tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara. In ba ki san shekarun durowar ba ki fitar da ita waje, ki riƙa yayyafa ruwa kaɗan kina gogewa don kada ƙura ta tashi, ki rufe hanci, yaran su yi nesa, ki share wajen da jiƙaƙƙen tsumma ki zubar da shi. Bayan ta bushe sai firaima, wato shafin ƙasa da ke sa fenti ya kama, sannan fenti shafi biyu marasa kauri, ki bar na farko ya bushe sosai. Gaggawar shafi na biyu ita ke ɓata wa mutane aiki.

Ummu Hanan:

'Yar uwa ni kujerar ce ta tsaya min a rai. Don girman Allah kada ki shigar da ita ɗaki sai kin duba kuɗin cizo. Ni abin ya taɓa samuna, na sayi kushin mai kyau tsaf ba ko tabo, sati uku ba a yi ba muka fara tashi da ƙuraje a jere a hannu da wuya, kafin mu gane daga ina ne sun riga sun shiga katifa, wahalar da muka sha ba ta faɗuwa. Ki ɗauki tocila ki buɗa ɗinkin yadin da yatsa, ki kifa kujerar ki leƙa inda aka buga ƙusa, in kin ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗisa tawadar biro ko ɓawo mai ruwan ƙasa to suna nan. Kuma kada a ce miki ai ta daɗe a ajiye sun mutu, suna yin watanni ba su sha jini ba. Ni a ganina tunda soson ma ya lotsa ki cire yadin da soson duka ki yar, ki bar ƙashin kujerar kawai, ki wanke shi, mai kushin ya sa miki sabo. Duk wani labule ko rigar filo da kika sayo na hannu kuma ruwan zafi mai digiri 60 shi ne maganinsu.

Mai Son Katako:

Ni dai Malam Kafinta ka yi haƙuri, ban so ka kai ta ga fenti ba. In ta goge ta ga katako mai kyau a ƙasa ai asara ce a sake rufe shi, man katako kawai za ta shafa layin ya fito. Sai dai tsumman da aka shafa man katako irin na linsid da shi ba a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, a shanya shi a buɗe. Wari kuma Anti ki goge cikin gidajen da ruwan khal da aka sirka da ruwa, ki jera su a inuwa inda iska ke kaɗawa, daga baya ki ajiye bekin soda ko gawayi a ƙaramin kwano a ciki na 'yan kwanaki. Hannayen durowar ki kara musu maganaɗisu, in bai kama ba wataƙila tagulla ce, lemon tsami da gishiri za su dawo da ƙyallinta.

Maman Biyu:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na juya ta yanzun nan, katako ne na asali Alhamdulillah, hannayen ma maganaɗisu bai kama su ba. Na shimfiɗa takardar, kujerar kuma tana waje ba za ta shigo ba sai an sauya mata soso. Malam Kafinta wani gidan yana cijewa in na jawo shi, shi kuma fa?

Tsohon Kafinta:

Ki goga kyandir a gefensa da kan katakon da yake zamewa a kai, ki tura ki jawo sau uku huɗu. In ya ci gaba da cijewa ki duba inda ya yi sheƙi, nan ne yake gogar jiki, ki ɗan taɓa wajen da lamba 120.