230E ɗina tana mutuwa da safe, wutar ABS ta ƙi mutuwa, a taimaka

Mai 230E: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar nan Benz 230E ce, samfurin W124, ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado kowa ya ƙi ta, ni na ce a bar min, don a cikinta ya koya min tuƙi, kuma har gobe ƙanina gori yake min a kanta. To da safe sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi. In ta tashi silo ba ya zama, ina ɗage ƙafa daga totur sai ta mutu, sai ta yi zafi take ɗan daidaita. Wutar gargaɗin ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) kuma ta kama ta zauna. An canza fulogi, an canza famfon mai, shiru. Yanzu makanikena ya ce birenbos ne, wato kwamfutar injin. Ga doguwar tafiya da iyali a gabana, wallahi ko barci ba na iyawa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Leƙa bayan batir, akwai wani ɗan rile (makunni mai aiki da lantarki) mai fiyus ja mai lamba 10 a kansa, OVP ake ce masa. Ta cikinsa wuta ke bi zuwa birenbos da ABS. In wuta ta yi tsalle ta wuce kima sai fiyus ɗin ya ƙone, ya tsare su. Tsarin ba da mai na injin naka KE-Jetronic ne, tushen aikinsa ba na lantarki ba ne, shi ya sa take tafiya ko birenbos bai samu wuta ba. Ƙarin man sanyin safiya da riƙe silo ne take rasawa. Alamominka kaf nasa ne.

Baban Yara: Allah ya jiƙan Baba. Ni tawa 190E haka wani riwaya ya yi ta tatsa ta, yau wannan gobe wancan, ƙarshe ya cire ƙwan ABS ɗin ya ce ya gyara. Ban yafe ba.

Dogo: Malam, a sa waya a tsallake rilen kawai. Tawa haka take yawo lafiya lau.

Injiniya: Dogo, ranar da regileta, mai daidaita wutar altaneta, ta saki wuta za ka gane kurenka. Mai 230E, me aka yi wa motar kafin ta fara? An yi mata jonin batir?

Mai 230E: Ba joni ba ne. Batir ne ya yi sanyi, makanike ya zare kan batir injin na aiki don ya gwada altaneta. Amma haka yake yi tun zamanin Baba, ba yau ya fara ba. Shi ya san motar nan ciki da waje, ba zan je in ce masa bai iya ba.

Injiniya: To ai ga amsarka nan! Batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta, ana zare shi sai ta afka wa duk abin da ke kan layi. Da mita ake gwaji: injin na aiki, ka ga bolt 13.5 zuwa 14.5 a kan batir. In fiyus na da rai, a buɗe rilen, dalmar ciki kan tsage da tsufa, a sake like ta.

Tsohon Direba: Ɗana, sayar da ita ka huta. Ni tsohuwar Benz ce ta kusa raba ni da uwargida.

Dogo: Kowa dai sai OVP, OVP. Wa ya tambaye shi wayar as, mai haɗa batir da jikin mota, ko ta ci tsatsa?

Mai 230E: Baba, ba ta sayarwa ba ce. Oga Injiniya na gode, amma fiyus na gidan fiyus duk mun duba, lafiya suke. Kuma na riga na ba da kafin alƙalami na birenbos ɗin, kunya ba za ta bar ni in karɓo ba.

Injiniya: Ba na gidan fiyus nake nufi ba, na KAN RILEN. Ka duba shi ko ba ka duba ba?

Baban Yara: Af, wai akwai wanda ya san inda ake samun ƙwan nan na ABS?