Kwamfutoci biyu suna amsa ping amma folda ta ƙi buɗuwa

Assalamu alaikum masana. Kwamfutoci biyu nake son haɗawa kai tsaye a gida nan Ƙofar Kaura, Katsina, ba rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a hanyar sadarwa) a tsakani, don in kwashe fayiloli daga tsohuwa mai Windows 7 zuwa mai Windows 10.

Kebul ɗin Cat5e ne, mita 3, da kaina na matse kawunan RJ45: gefe ɗaya da tsarin jera wayoyi na T568A, ɗayan T568B, wato waya ta 1 da ta 2 sun koma ta 3 da ta 6. Na sa shi a na'urar gwaji, duk takwas ɗin sun kama, fitilar ramin kebul kuma tana ci a kowace kwamfuta. Adireshi da hannu na sa, 192.168.10.1 da 192.168.10.2, mask 255.255.255.0, gateway (wurin sa adireshin rauta) babu komai. Da na kashe katangar tsaron Windows, ping (saƙon gwaji da kwamfuta ke aika wa ɗayar don ta amsa) yana tafiya ta kowane ɓangare ba ya faɗuwa. Ke nan ba laifin kebul ba ne.

Amma da na rubuta \\192.168.10.1 don buɗe foldar ɗaya kwamfutar sai ta fito da lambar kuskure 0x80070035. Na kunna raba fayil, na gwada asusu mai kalmar sirri, duk shiru. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kwamfutocin biyu suna nuna “Unidentified network”, wato haɗin da ba su gane ba, suna ɗaukar haɗin a matsayin na jama'a, kuma wurin canza shi bai fito ba sam. Zargina rashin gateway ne.

Don Allah ta yaya zan mayar da wannan haɗin ya zama na gida ba tare da rauta ba? Na gode.