Don Allah wa zai fahimtar da ni wannan "intasekshonaliti" game da maza tirans?

Maman_Ilham:
Salam 'yan uwa. Ina karatun nas a nan Amurka, an ba mu asaimen kan wariyar da ake wa maza tirans, wato waɗanda aka haifa da jikin mace amma suke rayuwa a matsayin maza, malamar tamu sai maimaita intasekshonaliti take ni kuma kaina ya kulle. Abin da ya sa na damu ma, satin da ya wuce a asibitin da nake firaktikal wani mai gemu ya zo gwajin bakin mahaifa, mai karɓar kati ta ɗaga murya tana tambayarsa ko matarsa ya rako, kowa ya juyo yana kallonsa, bawan Allah ya tashi ya fita bai yi gwajin ba. Har yau abin na raina. To amma tunda sun koma maza ai na ɗauka sauƙi suka samu?

Abu_Hanif:
Wa alaikis salam. Kalmar wata farfesar shari'a ce Kimberlé Crenshaw ta kawo ta a 1989, ma'anarta yadda wariya iri biyu ko fiye ke haɗuwa kan mutum ɗaya, ta yi misali da mahaɗar titi inda mota za ta iya buge mutum ta ɓangare biyu lokaci guda. Ta kafa hujja da ƙarar da wasu mata baƙar fata suka kai kamfanin General Motors, kotu a 1976 ta ƙi yarda a haɗa wariyar launi da ta jinsi a ƙara ɗaya, alhali kamfanin yana ɗaukar mata amma farare, yana ɗaukar baƙaƙe amma maza, su da suke mata kuma baƙaƙe sai suka faɗa tsakiya. To haka mai gemun naki, tsarin asibiti ya san mace mai mahaifa ya san namiji marar mahaifa, shi babu gurbinsa. Ki nemi labarin Robert Eads, wani namiji tirans na jihar Jojiya, kansar ƙwan mahaifa ta kama shi, likitoci sama da goma suka ƙi duba shi wai kar mata masu zuwa wajensu su gudu, kafin a samu mai karɓarsa ciwon ya ci jiki, ya rasu a 1999.

Dan_Sabon_Gari:
Ni dai gaskiya ra'ayina kan canza jinsi yana nan inda addinina ya ajiye shi. Amma likita ya kori mai kansa? Wannan zalunci ne, ba addinin da ya ce a yi haka.

Hajjo_Bronx:
Maman Ilham zancen sauƙin nan ya danganta da wane ne fa. Bature mai kuɗi da inshora wataƙila ya ga an fara sauraronsa a ofis, amma baƙar fata da zarar gemu ya fito murya ta buɗe shikenan ya zama "baƙin namiji" a idon ɗan sanda da mai gadin shago, an sauke masa wani kaya an ɗora masa wani. Ki duba Tony McDade, namiji tirans baƙar fata, 'yan sanda suka harbe shi a Talahasi ta Fulorida ranar 27 ga Mayu 2020 suna nemansa kan zargin kisa, kwana biyu kacal bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd, rahotannin farko ma mace suka kira shi, kuma mutum nawa suka san sunansa? Sannan ga fyaɗe, wanda shi ne ya fi ci min rai, gidajen fake na mata su ce kai namiji ne, na maza kuma tsoro ba zai bar shi ya kwana ba. Brandon Teena, shi ma namiji tirans a jihar Nebraska, ya kai ƙarar waɗanda suka yi masa fyaɗe a Disambar 1993, shugaban 'yan sandan yankin ya tsaya yi masa tambayoyin cin fuska kan jikinsa bai kama su ba, kwanaki kaɗan suka bi shi suka kashe shi.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan samu shugabar nas ɗinmu in ji ko za a kira mutumin nan a waya a sake ba shi rana, ko da sassafe ne kafin layi ya cika.