Kofin tseren motoci na Formula 1 da tim ɗin Brawn GP ya ci a 2009: ƙwaƙwalwar Ross Brawn ce ko kuɗin Honda?

Baban Ummi: Jama'a ni fa na gaji da jin ana cewa Brawn GP abin al'ajabi suka yi a 2009. Honda ce ta gina motar nan, tun 2008 suka haƙura da kakar suka juye kuɗi da injiniyoyi kan motar shekara mai zuwa, sai tattalin arzikin duniya ya karye suka janye a Disamba. Ross Brawn ya sayi tim ɗin fam 1, tuwo ya tarar an tuƙa, miya kawai ya zuba.

Ɗan Gwale: Haba yaya, ai Honda da injinsu suka tafi. Sai da aka nemo injin Mercedes aka cusa a motar da ba don shi aka ƙera ta ba, ga 'yan makonni ne suka rage a fara, amma suka je Ostireliya direbobinsu suka zo Button na ɗaya Barrichello na biyu. Wlh har yanzu ina ganin motar a idona, fara fat da ɗan ratsin rawaya, jikinta kusan ba talla.

Anti Zee: Baban Ummi to wa ya ce a bar 2008 a fuskanci gaba? Shi Brawn ɗin ne fa shugaban tim tun lokacin Honda. Kenan ko tuwon ma da hannunsa aka tuƙa.

Baban Ummi: Na yarda Anti, amma da kuɗin wa? Sannan ramin iskan nan mai hawa biyu na ƙarƙashin bayan motar, wanda ke danne ta a ƙasa idan ta sha kwana, shi ne duk sirrin, ƙofa suka gani a doka suka shige. Ferrari da Renault da Red Bull har ƙara suka kai.

Ɗan Gwale: Kuma kotun FIA, hukumar da ke kula da tseren, ta ce halal ne a Afrilu. Toyota da Williams ma suna da irinsa tun tseren farko, ko ɗaya ba su ci ba duk shekarar, ga Toyota da uban kuɗi.

Malam Garba Damagaram: Ku bar ni in ɗan goyi bayan Baban Ummi. Button ya ci 6 cikin tsere 7 na farko, daga Turkiyya bai sake ci ba har aka gama. Da sauran suka kwafi dabarar sai Red Bull ta wuce su da gudu. Aikin da aka yi da kuɗin Honda ne ya ƙare.

Anti Zee: Malam ai nan ne ni suka fi burge ni. An sallami ma'aikata kusan 270 a masana'antarsu ta Brackley, babu kuɗin inganta mota, duk da haka Barrichello ya ci Balensiya da Monza, kuma a Birazil Button daga na 14 ya tashi yana ta kutsawa tsakanin motoci har ya ƙare na 5 ya ɗauki kambun direbobi, ni dai hawaye na yi ranar. A kofin tim-tim Brawn maki 172, Red Bull 153.5.

Baban Ummi: Ban raina su ba gsky. Kawai a daina faɗa kamar daga sama suka faɗo, gidan nan tun yana BAR, sunan tim ɗin kafin Honda, yake, Mercedes ta saye shi a ƙarshen 2009 kuma da shi ta ci kofi 8 a jere daga 2014.

Ɗan Gwale: To yaya amsa min wannan, Honda da duk kuɗin nan ta 9 ta ƙare a 2008 da maki 14, me ya hana su ci tun suna nan?